Jar Buta a Motar Malama Tayyiba

Tun da ɗari ya kankama a watan Disamba, Alhaji Junaidu bai yi fashi ba ko na rana ɗaya. Da gari ya fara wayewa za ka gan shi ya fito daga gidansa, ya naɗe kai da mayafi sai hanci a waje, buta a hannu tana tururi, ya nufi ƙofar gidan ƙanwarsa Malama Tayyiba. Ruwan ba na alwala ba ne. Na mota ne.

Motar 'yar Kwatano ce, ruwan toka, ta biyo ta Ƙonni ta shigo Illela tun mijin Malama yana raye. Shi ya koya mata tuƙi, yana yi yana salati. Da ya rasu, motar ta zama ƙafarta. Malama ita ce shugabar wata firamare a wani ƙauye gaba da Tozai, ƙugunta kuma ya daɗe da daina yarda da kabu-kabu. In ta hau babur a wannan hanya, kwana biyu take yi tana sallah a zaune. Saboda haka maganar a fili take. In akwai mota akwai makaranta, in babu mota babu.

Alhaji Junaidu ya san da haka. Shi ya je da ƙafarsa ofishin ilimi ya karɓo mata takardar neman canji, a dawo da ita cikin gari ta zauna bayan tebur ta ƙarasa shekara biyun da suka rage mata. Ranar Juma'ar wannan mako za a rufe karɓa. Takardar tana nan ninke a gaban mota, an cike komai sai wurin sa hannu. Sun kuma yi alkawari a gaban matarsa: in motar ta nuna ba za ta kai ba, Malama za ta sa hannu ba gardama. Ita kuwa tana da 'yan aji shida su ashirin da uku, da ta riƙa tun suna aji ɗaya, wasu sai da ta bi su har cikin garken albasa ta janyo su, kuma ta ce musu da bakinta ita za ta kai su ɗakin jarrabawa.

Kada a zalunci Alhaji, ba ya yi wa motar mugun fata. Hasali ma babu mai yi mata hidima kamarsa. Shi ke kai saƙo gareji, shi ke zaɓar abin da za a zuba mata, don a cewarsa gareji ba wurin mata ba ne. Abu ɗaya kawai ya kamata a sani: bai taɓa riƙe sitiyari ba. Falken albasa ne. Shekara talatin ya yi yana zama gidan gaba kusa da direba, Illela zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Tawa, a ganinsa kuma wanda ya shekara talatin yana kallon abu ya fi mai yin abin sani, tunda shi hankalinsa bai rabu ba. Duk unguwar an yarda da haka. In motar wani ta yi tari, Alhaji ake tambaya.

Ranar Litinin ya ɗaga murfin inji ya tokare shi, ya ce, "Tashe ta."

Malama ta murɗa makulli. Motar ta yi gyaran murya sau biyu ta kama. Fitilun gaban sitiyari suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai guda: wata 'yar jar fitila mai siffar buta, da mariƙinta da dogon bakinta, har da ɗigo ɗaya yana shirin faɗowa. Ita ta ƙi mutuwa. Daga cikin injin kuma wani sauti ya taso, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana karkaɗa cokula a kwanon silba.

"Butar ta kama?" ya tambaya daga bayan murfi.

"Ta kama, Yaya."

"To ruwa taka biɗa." Ya tuttula ruwan ɗumi a bakin lagireto. "Ba ta wuta! Taka totur, ke ɗiyag ga, bar jin tausai!"

Shekararta hamsin da takwas, amma ɗiyar ta taka. Inji ya yi kururuwa, kajin maƙwabta suka watse, salansa ta yi aman hayaƙi. Jim kaɗan jar butar ta mutu.

"Ta sha," in ji Alhaji, ya rufe murfi yana kaɗa kai irin na likitan da ya ceci rai. "Sai dai ƙaran ga bai gamshe ni ba. Kullum ƙaruwa shika yi. Motag ga ta tsuhwa, Tayyiba. Ki tuna da Jumma'a."

"Yaya, wai ni kam, mota alwala taka yi?"

"Mi?"

"Na ga kullum sai da buta. Kuma sai da asuba."

"Ke dai boko ya ɓata ki. Bature ba mahaukaci na ba. Da yaz zana buta, mi aka zubawa cikin buta? Kunu?"

Ta ja motar ta kama hanya. Wadda ta shekara talatin da uku tana koyar da lissafi ba ta iya ganin abu ba ta ƙirga shi ba, kuma ta daɗe tana ƙirgawa a zuci. Farkon sanyi, in ta ƙirga uku butar ta mutu. Makon jiya sai ta kai takwas. Yau sha biyu. Da azahar kuwa, in ta tashi daga makaranta, motar ta sha rana a gindin dalbejiya, kafin ta ce ɗaya butar ta mutu, ba ruwa, ba totur, ba cokula. Wace irin halitta ce wannan da ke jin ƙishirwa da sassafe cikin ɗari, amma da tsakar rana ba ta ji? Ga kuma ƙasan inda motar ke kwana, kullum a jiƙe. Ruwan Alhaji ta wani siririn tiyo yake bi ya sauko, har wani tumatir ya tsiro a wurin, ya yi ganye shar.

Ranar Talata Allah ya kawo mata gwaji ba ta nema ba. Wani baƙo ya tare Alhaji a ƙofar gidansa da doguwar gaisuwa. Malama ta leƙa, ta ga har yanzu suna kan "ina gajiya", sai ta shiga ta murɗa makulli, ta ɗauke ƙafa daga totur, ta naɗe hannu. Cokula suka yi ta kaɗawa. A sha uku butar ta mutu don kanta, sautin ya lafa. Ta kashe motar ta gyara zama kamar ba ita ba.

Da Alhaji ya iso ya ce ta tashe ta, butar ta mutu nan take, bai ko buɗe lagireto ba.

"Yaya, yau ba ta jira ruwa ba."

Ya dubi motar, ya dubi butarsa. "Ta ga na taho na, hankalinta ya kwanta." Ya zuba ruwan duk da haka, don kada a saba.

A makaranta, lokacin tara, ta buɗe akwatin gaban mota tana neman alli, hannunta ya faɗa kan littafin motar. Shekara da shekaru yana nan, ba wanda ya taɓa buɗe shi, saboda da Faransanci aka rubuta. Ta bi shafi-shafi har ta sami hoton butar, da rubutu layi huɗu a gefensa. Da la'asar, lokacin da ta san Alhaji yana kasuwa, ta shiga gidansa.

Lubabatu matar Alhaji 'yar Ƙonni ce, ta yi lakwal, wato bokon can, shekara tara kafin aure ya tsallako da ita. Tana zaune kan keken ɗinki tana haɗa rigar wata amarya.

"A'a, Madan Direktiris, shugabar makaranta! Yau wace rana? Ko kin zo sa hannu na?"

"Bakinki shi sari ɗanyen kashi, matar Yaya. Zo ki yi mani karatu."

Lubabatu ta ɗauko tabarau ta ɗora a hanci. Ta karanta a zuci, leɓɓanta na motsi. Sai ta cire tabaran ta dubi Malama. Ta mayar, ta sake karantawa.

"Wil," ta ce.

"Mi na wil?"

"Mai. Baƙin mai na inji. Ba ruwa ko ɗigo cikin maganag ga." Ta miƙa hannu ƙarƙashin keke ta ɗauko 'yar gwangwanin da take ɗiga wa keken mai, mai dogon baki da mariƙi, ta ajiye ta kusa da hoton. Kamar an tsaga kara. "Wagga ta anka zana. Ba ta alwala ba."

Suka dubi juna. Lubabatu ce ta fara fashewa, har sai da ta kifa kai a kan keke.

"Wata biyu! Wata biyu ina tashi cikin ɗarin ga ina hura wuta, ina dahwa ma mota ruwa! Ko uwar miji ban yi ma haka ba!"

"Bar dariya ki ƙarasa mani. Mi yac ce kuma?"

Sauran bai da ban dariya. Littafin ya ce fitilar tana nufin mai bai kai inda ya kamata ba, in ta kama a tsaya nan take, in ba haka ba inji zai lalace. A wani shafin ya ce kada a ba inji wuta yana da sanyi. A can baya kuma akwai zanen ma'aunin zafi da lambobin mai a jere. Wanda aka ja wa layi yana da goma a gaba, arba'in a baya. Lubabatu ta ce lambar gaban ta sanyi ce, ƙanƙantarta ita ce saurin gudunsa da safe.

"Don Allah kar ki ce ni nak karanta," ta ce tana raka ta. "Ki ce mahwalki kinka yi."

Washegari da safe Malama ta shiga kicin za ta zuba wa ɗumame man shanu. Ta karkata kwalba, mai ya tsaya yana kallonta. Ta jijjiga, ko gezau. Jiya da rana wannan kwalbar ce ta kusa malale mata a zane. Ta daɗe tsaye da kwalbar a hannu har ɗumamen ya huce. Da Alhaji ya zo ta bar shi ya zuba ruwansa, amma da ya ce ta ba ta wuta sai ta ce ƙafarta ta riƙe. Ta ƙirga sha huɗu, kowace lamba kamar a cikin haƙorinta ake kaɗa cokalin.

Da aka tashi makaranta ba ta yi gida ba, ta zarce gareji.

Sahabi bakanike ya haura arba'in, gemunsa har ya fara furfura, amma ɗalibinta ne na dā, da ya gan ta sai da ya ɓoye sigarin da ke hannunsa a bayansa.

"Malama! Da kin aiko Alhaji ai."

"Alhajin na aika wata biyu. Mi yac ce maka?"

"Ya ce mota na biɗar ruwa da sahe. Na diba lagireto, lahiya lau. Na canza marhi. Ya dawo ya ce buta ba ta bari ba, nic ce to a ci gaba da ba ta, ruwa ba shi ɓata komi."

"Wace buta kaz zata?"

"Ta hannunai mana."

Ta buɗe littafin ta nuna masa da yatsa. Sahabi ya duba, ya saki sigarin, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Inna lillahi! Hitilar mai ta! Malama, ita ka kamawa? Har tsawon mi?"

"Yau sha huɗu. Kuma kullum sai an ba ta wuta tana kunne."

Ya zauna kan wata tsohuwar taya. Da ya dawo hayyacinsa ya yi mata bayani, ya kuma iya bayani, don ita ta koya masa. In mota ta kwana, mai duk yana sauka ya kwanta a kwanon ƙasa. Da an tashe ta, famfo ne zai ɗauko shi ya tura sama ta wasu 'yan hanyoyi, wasu ba su fi tsinken tsintsiya ba. Kafin ya isa, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe tsirara. Cokulan da take ji ke nan. Wanda ya taka totur a wannan lokaci kuwa, kamar ya sa mai niƙa ya ƙara sauri ne alhali babu hatsi a dutse.

"To mi za a yi?"

"A ƙara mata zuma," ya ce ba tare da tunani ba. Zuma ita ce sunan da ya sa wa wani abu mai yauƙi na cikin ƙaramin gwangwani, da ake haɗawa da mai don ya ƙara kauri. "Tsohon inji ya buɗe, sai mai kauri ka cika shi. Wancan juyen man na sa mata lamba hamsin na manyan motoci, Alhaji ya ce a ƙara zuma gwangwani biyu. Yanzu sai a sa ukku."

"Wa yac ce?"

"Kowa ya sani, Malama."

"Ban ce kowa ba. Wa yac ce maka?"

"Maigidana da yak koya mani aiki."

"Shi wa yac ce mai?"

"Maigidanai."

"Madalla. Kai da bakinka ka ce hanyar kamat tsinke take. Sahabi, in na ba ka tsinken shan lemo, nic ce ka zuƙo ruwa ka zuƙo kunun da ya kwana, wane ka riga isowa?"

Sahabi ya sosa gemu. "Amma da rana in inji ya yi zahi, mai kauri ya hi riƙewa."

"Wataƙila. Ni da sahe aka kashe mani mota. Tsiyayo mani naka cikin kwalba, har da zumar. Ni zan biya in sawo na littahi. Gobe da sahe ka taho gida, akwai masa."

Kwalabe biyu suka kwana kan katanga. Ranar Alhamis da sassafe aka hallara a ƙofar gida: Alhaji da butarsa, Sahabi cikin rigar sanyi, Lubabatu a bakin zaure da kwanon masa, wai kawowa kawai ta yi. Malama ta fito da babban farantin silba, ta jingina shi da taya ya karkata.

"Yau kuma makaranta ta biyo mu gida?" in ji Alhaji.

"Tsere za a yi, Yaya. Wanga naka na, wanga na littahi."

"Wane littahi?"

Ta gaya masa. Ta nuna masa hoton, ta kuma ɗauko gwangwanin man keke daga jakarta ta ajiye a gefe. Alhaji ya dubi gwangwanin, ya gane shi sarai, ya waiga ya dubi matarsa. Lubabatu ta duƙufa tana ƙirga masa kamar za su gudu.

"Buta dai buta ta," ya ce a ƙarshe.

Malama ta ba Sahabi kwalba ɗaya ta riƙe ɗaya, suka karkata tare a saman farantin. Na littafi ya zubo ya gangara, kafin a ce me ya kai ƙasa ya taru. Na Alhaji ya leƙo bakin kwalba, ya yi tsayuwar mai shawara, sannan ya sauko dunƙule guda ya zauna a inda ya faɗa. Can ya fara jan jiki. Sahabi ya cinye masa biyu bai kai rabi ba.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Wanga shi na mai natsuwa. Wancan ruwa na, gaugawa gare shi. Abin da ad da ƙarhi ba shi gudu."

"Gaskiya na, Alhaji," in ji Lubabatu daga zaure. "Kamat ranad da gobara tat tashi runhwar albasa, mai natsuwa munka aika ɗibar ruwa."

Sahabi ya ƙware da masa. Alhaji ya ce mata ba su san mota ba. Amma bai buɗe lagireto ba, ya tsaya yana kallon dunƙulen man yana rarrafe a kan farantin, ya daɗe.

Malama ta ce yau ba mai tashin motar nan da wannan abin a cikinta. Sahabi zai jira rana ta ɗaga ya yi mata juye a nan inda take, ya sa na littafi, ya kuma canza matatar mai, don ya amsa da bakinsa cewa wadda ya sa wancan karon mai araha ce, irin wadda ke barin mai ya koma ƙasa in an kwana. Ita kuwa ta tari kabu-kabu. Alhaji ya ce kada ta hau, ta hau.

Kafin su kai Tozai ta gane cewa shi ke da gaskiya a wannan. Kowane rami sai da ya gaisa da ƙugunta. Ta koyar da raba-lamba a zaune, 'yan aji shida suna kallonta suna kallon gindin dalbejiya inda babu mota. Wata yarinya mai baki, Shahida, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, an ce za ki koma cikin gari." Malama ta ce a buɗe shafi na arba'in.

Da ta dawo da yamma tana ɗingishi, ta tarar da Sahabi yana jiranta da tsohon man a roba. Ya karkata robar wajen rana. Wasu 'yan ƙanana suna ƙyalli a ciki, kamar an barbaɗa garin tagulla.

"Mi na wanga?"

"Injin na, Malama. Abin da yac ci na jikinai."

"Ya mutu ke nan?"

"Ban sani ba, walle. Yanzu na tashe ta, hitila ta mutu nan take, amma rana ta, ko dā haka taka yi. Sai gobe da sahe. In ta mutu kan biyu ko ukku, da sauran rai, za ta kai ki in kin lallaɓa ta. In ta yi ta kamawa da sabon mai, to cikin ya riga ya buɗe, sai an sauke inji, kuma ba aikin mako ɗaya na ba."

Ta dubi takardar da ke ninke a bayan gilashi. Ta shiga gida ta sa aka gasa mata ƙugu.

Juma'a ta zo da ɗarin da ya fi na duk makon, irin wanda ke sa mutum ya yi ta shawara da ruwan alwala. Sahabi ya riga kowa zuwa. Lubabatu ta zo ba ko masar da za ta fake da ita. Alhaji ya zo ƙarshe, kuma, don kada a ce, da butarsa.

Malama ta shiga ta zauna. Ta ciro biro daga jaka ta ɗora kan takardar, don alkawari alkawari ne. Ta janye ƙafarta nesa da totur. Ta yi bismilla ta murɗa.

Inji ya kama. Fitilu suka mutu, jar butar ta tsaya.

"Ɗaya," in ji Malama.

Ƙwal-ƙwal.

"Biyu," in ji Lubabatu da Sahabi tare.

"Ba ta w..." Alhaji ya fara, ya haɗiye sauran.

"Ukku."

Ta mutu. Cokulan suka yi ƙwal ɗaya na sallama suka yi shiru, sai wani siririn tik-tik can ciki, wanda Sahabi ya kasa kunne ya saurara, ya ce wannan tabo ne, da shi za ta rayu. Lubabatu ta rangaɗa guɗa da sassafen nan har wani maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Malama ba ta yi guɗa ba. 

"Kashe ta," in ji Alhaji.

"Yaya?"

"Kashe ta nic ce. Man ga ruwa-ruwa na, na tabbata rabinai ya tsiyaye cikin dare. Sai na auna da idona."

Ta kashe. Aka ɗan jira mai ya kwanta. Alhaji ya ajiye buta, ya naɗe hannun riga, ya sa Sahabi ya nuna masa inda ma'aunin yake, yana cewa ya sani, gwada shi yake yi. Ya zaro dogon ƙarfen. Sahabi ya ce sai an goge an mayar sannan a karanta. Alhaji ya duba hagu ya duba dama, babu tsumma. Ya zagayo ya zura hannu ta taga, ya ture biron, ya ɗauki takardar. Ya buɗe ta, ya dubi wurin sa hannun nan da ba kowa, ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya ninke ta biyu ya damƙe ƙarfen da ita, ya ja tun daga sama har ƙasa. Baƙin layi ya ratsa tambarin ofis.

Ya mayar da ma'aunin ya sake zarowa, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido.

"Cike shike," ya ce. "Dama tun hwarko na ce motag ga akwai abin da taka biɗa da sahe. Ba wanda yas saurare ni."

"Haka na, Yaya."

"Kuma ki bar taka mata totur tana sanyi. Kullum ina jin ki, kamar mai tashin jirgi."

"Na bari, Yaya."

Ta sake tashin motar, ta ba ta ɗan lokaci, ta sa giya ta ɗaya ta fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Yau za ta makara, kuma za ta sa Shahida ta fito allo ta yi raba-lamba. A madubi ta hango Alhaji ya ɗauki butarsa, ya tsaya a inda motar ta tashi, yana kallon tumatirin da ya bayyana a fili. Ya taɓa jikin butar ya ji ta huce. Ya duƙa ya tsiyaya masa a gindi.

"Alhaji, gobe in ɗora ruwan?" in ji Lubabatu.

"Wane irin ɗorawa? Ke kin taɓa ganin inda anka ba tumatir ruwan zahi?"